Ƙarar Bindiga Daga Salansar Mota: Dalilanta, Yadda Ake Gano Su da Hanyoyin Gyara

Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da masu motoci da direbobi suke yawan kokawa a kansu, musamman a yankunan karkara, akwai ƙarar da salansa take yi tamkar harbin bindiga. Wani lokaci ƙarar takan zo a jere, fat-fat-fat, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Wani lokaci kuma sau ɗaya take tashi da ƙarfi, har ta firgita mutane da dabbobi. A garuruwan da jama'a suke zaman ɗar-ɗar saboda matsalar tsaro, irin wannan ƙara a tsakiyar kasuwa tana iya haddasa guje-guje da turmutsitsi, kuma a kusa da shingen jami'an tsaro tana iya jawo wa direba rashin fahimtar da bai shirya mata ba.

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin masu motocin haya da na gida, da manoma masu a-kori-kura, da jami'an ƙananan hukumomi masu kula da motocin gwamnati. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne: duk lokacin da salansa ta yi bindiga, to man fetur ne ya kama wuta a wurin da bai kamata ba. Lokacin da ƙarar take tashi da kuma wurin da take fitowa su ne suke nuna inda matsalar take. Wanda ya lura da waɗannan abubuwa biyu zai tsira daga kashe kuɗi a kan gyaran lalube.

Yadda inji yake ƙona mai

Injin mota mai amfani da fetur yana aiki ne bisa matakai huɗu a cikin kowace silinda. Da farko bawul ɗin shiga yana buɗewa, fistin ya sauka ya zuƙo gaurayen iska da mai. Na biyu, bawul ya rufe, fistin ya hau ya matse gaurayen. Na uku, fulogi ya ba da tartsatsi, gaurayen ya kama wuta, ƙarfin wutar ya tunkuɗa fistin ƙasa. Na huɗu, bawul ɗin fita ya buɗe, fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa.

Domin man ya ƙone ƙurmus, dole abubuwa uku su daidaita. Na farko ma'auni: kimanin giram 14.7 na iska ake bukata ga kowane giram 1 na fetur. Na biyu tartsatsi mai ƙarfi a daidai lokacinsa. Na uku bawul su rufe ruf a lokacin ƙonewar. Idan ɗaya daga cikin ukun ya sami tangarɗa, ɗanyen mai zai tsallake zuwa cikin salansa. A can kuwa akwai zafi mai tsanani, saboda haka da zarar man ya haɗu da iska sai ya fashe. Wannan fashewar ita ce ƙarar da ake ji.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, kuma ba kasafai yake irin wannan ƙara ba. Bayaninmu ya shafi motocin fetur ne da waɗanda aka mayar masu amfani da gas. Babura da Keke Napep su ma wannan ƙa'ida suke bi.

Rarrabe ƙarar

Kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya, ya kamata direba ya saurara da kyau ya tantance irin ƙarar da yake ji.

1. Idan ƙarar tana fitowa daga bayan mota lokacin da aka saki totur, ko a gangara, mafi yawan lokaci ɓula ce a salansa, ko kuma mai ya yi wa inji kaɗan.

2. Idan tana tashi lokacin da aka taka totur, ko a hawan tudu, ko idan an yi lodi mai nauyi, kuma mota tana fizga, to a fara zargin fulogi da wayoyinsa da koyil, sannan famfon mai.

3. Idan mota tana tsaye a sulo amma salansa tana fut-fut a kai a kai bisa tsari ɗaya, kuma inji yana karkarwa, to silinda ɗaya ce ba ta aiki, ko dai saboda rashin wuta ko saboda bawul ya ƙone.

4. Idan ƙarar daga gaba take fitowa, ta bakin kabureta ko akwatin matatar iska, kamar mota ta yi atishawa, to ƙarancin mai ne, ko taimin ya goce, ko an sarƙe wayoyin fulogi. Wannan ita ce mafi haɗari ta fuskar gobara, domin harshen wuta yana iya fitowa kusa da tiyon mai.

5. Idan sai da safe take yi kafin inji ya ɗumama, sannan ta daina, a duba cok a motoci masu kabureta, ko sansar zafin ruwa a motoci masu kwamfuta.

Akwai kuma ƙarar da ba ta da illa. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji a ƙarƙashin mota bayan an kashe inji ƙarfe ne yake hucewa yana komawa yadda yake. Haka nan wasu motocin tsere da na ƙawa, da gangan masu su suke sa a saita su domin su riƙa wannan ƙara. Motar haya da motar ofis ba sa cikin wannan sahu.

Manyan dalilai

Na farko, ɓula a salansa. Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Hayaƙi ba ya fita a miƙe, bugu-bugu yake fita, kuma tsakanin bugu da bugu ɓular takan zuƙo iskar waje zuwa ciki. Wannan iska ita take ba ragowar mai damar kamawa. Wuraren da suka fi ɓulewa su ne gaskit ɗin manifol, da mahaɗar bututu, da sashen nan mai lanƙwasuwa da yake ƙarƙashin inji, da tukunyar salansa ta baya. Hanyoyin karkara masu ramuka da duwatsu, da tsallake rafi da damina alhali salansa tana da zafi, suna saurin tsaga ƙarfen. A motoci masu kwamfuta ɓular da take gaban sansar hayaƙi tana yin ɓarna biyu: tana shigar da iska, kuma tana ruɗar sansar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, sai kwamfuta ta ƙara zuba mai.

Na biyu, raunin wuta. Fulogin da ya cinye, ko ya yi baƙi, ko bakinsa ya buɗe fiye da kima, ba ya kunna gaurayen kowane lokaci. Duk bugun da ya kuskure, ɗanyen mai ne yake tafiya salansa. Haka abin yake idan wayar fulogi ta tsage, ko koyil ya gaji, ko murfin distiributa ya tsage ko danshi ya shiga cikinsa. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, waɗanda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, kwantak da kwandensa su ma suna cikin abin zargi.

Na uku, ƙarancin mai ko yawan iska. Gaurayen da mai ya yi masa kaɗan a hankali yake ci, har bawul ya buɗe wutar ba ta gama ba, wani lokaci ma ya ƙi kamawa sam. Abubuwan da suke jawo haka sun haɗa da toshewar matatar mai, da raunin famfon mai, da dattin nozil ko na jet ɗin kabureta, da tsagewar ƙananan tiyon iska da suke jikin manifol ɗin shiga. Wasu direbobi da kansu suke sa bakanike ya rage wa kabureta mai fiye da ƙa'ida don neman sauƙi, alhali abin da yake biyo baya shi ne zafin inji da ƙonewar bawul.

Na huɗu, yawan mai. Alamominsa su ne baƙin hayaƙi, da warin fetur a bayan mota, da shan mai fiye da yadda aka saba. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, da cok da ya maƙale, da fulot ɗin kabureta da ya daina tsayar da mai, da nozil mai ɗiga, da sansar hayaƙi ko ta iska da ta lalace, duk suna haifar da wannan.

Na biyar, taimin da bawul. Idan tartsatsi ya makara, wuta za ta bi hayaƙi zuwa salansa, mota ta rasa ƙarfi, manifol ya yi zafi har ya yi ja. Idan ya yi gaggawa, inji zai riƙa ƙwanƙwasa, wani lokaci ya yi atishawa ta gaba. Bel ɗin taimin da ya tsallake haƙori ɗaya kacal ya isa ya rikita buɗewa da rufewar bawul. Bawul ɗin fita da ya ƙone, ko wanda aka ɗaure tafet ɗinsa da yawa har ba ya rufewa sosai, shi ma yana barin wuta ta zurare.

Na shida, gurɓataccen mai. Fetur da aka gauraya da ruwa ko kananzir, ko wanda ya daɗe a jarka mai datti, ba ya ƙonewa daidai. Mazauna karkara sun fi fuskantar wannan, domin nisan gidajen mai yakan tilasta musu saye a hannun 'yan bumburutu. Har a gidajen mai ma akan samu: a watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur ta sanar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa. Saboda haka idan ƙarar ta fara ne jim kaɗan bayan an sha mai, to a fara da binciken man.

Matakan bincike

Ƙa'idar ita ce a fara da mai sauƙi da araha, a ƙare da mai wuya da tsada. A yi aikin a fili inda iska take kaɗawa, nesa da wuta da sigari, a ja birkin hannu, a sa waigi a taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

Mataki na 1: A tuna abin da ya faru kafin ƙarar ta fara. An sha mai a sabon wuri? An wanke inji? An shiga ruwa? Ƙasan mota ya bugi dutse? An yi wani gyara? Idan bayan canza fulogi ne ta fara, to a duba jerin wayoyi. Yawancin injuna masu silinda huɗu a jere suna bin tsarin 1-3-4-2, kuma musanya waya biyu kawai ya isa ya sa mota ta yi ta bindiga.

Mataki na 2: A duba man. A ɗebi kaɗan a kwalba mai haske a ajiye na 'yan mintoci. Idan akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, a ga layin da ya raba su. Datti ma zai nuna.

Mataki na 3: A ciro matatar iska a ɗaga ta a hasken rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta toshe. A bi tiyon iska ɗaya bayan ɗaya ana neman tsaga ko wanda ya zame. Idan inji yana sulo, ɓular iska takan yi ƙara kamar hucin maciji.

Mataki na 4: A bi salansa da ido tun daga manifol har zuwa wutsiya, inji yana sanyi. Baƙin tabon hayaƙi a jikin mahaɗa shaida ce ta ɓula. Ɓular manifol takan yi ƙarar tik-tik da safe, ta ragu idan ƙarfe ya ɗumama. Ana iya tayar da inji mai sanyi, mutum ɗaya ya toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku, wani kuma ya saurari inda iska take tsartuwa.

Mataki na 5: A kwance fulogi a jera su bisa lambar silindarsu, domin launinsu yana ba da labarin abin da yake faruwa a ciki. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka alamar lafiya ce. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, yawan mai ne. Fari fat, ƙarancin mai ne da zafi. Jiƙe da fetur, wuta ba ta zuwa. Jiƙe da baƙin mai, zoben fistin ko robar bawul sun gaji. Idan ɗaya ne kawai ya bambanta da saura, to matsalar tana wannan silinda. Tazarar bakin fulogi a yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1, amma a bi abin da littafin motar ya faɗa.

Mataki na 6: A duba wayoyi da koyil. Idan aka tayar da inji cikin duhu aka buɗe bonet, wayar da ta tsage takan nuna shuɗin tartsatsi. Kada a kama wayar fulogi da hannu inji yana aiki, domin ƙarfin wutar da take ɗauke da shi yakan haura volt 20,000. A motocin da kowace silinda take da nata koyil, bakanike yana iya musanya koyil biyu ya ga ko matsalar ta bi ɗayan.

Mataki na 7: A sa na'urar bincike. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996, da motocin fetur na Turai tun daga 2001, suna da mahaɗar OBD-II, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Yawancin motocin Kwatano da suke hannun jama'a suna da ita. Lambar P0300 tana nufin silinda daban-daban suna kuskuren kamawa. P0301 zuwa P0304 suna nuna silinda ta 1 zuwa ta 4. P0171 ƙarancin mai ne, P0172 yawan mai, P0420 kuma katalis ya rage aiki. Abin lura a nan shi ne, lambar tana nuna inda za a bincika ne kawai. Ganin P0171 ba hujja ba ce ta sayen sabuwar sansa kafin a duba tiyo da matatar mai. Goge lambar kuma ba gyara ba ne.

Mataki na 8: A auna ƙarfin famfon mai. A yawancin motoci masu nozil ana samun kimanin ba 3 zuwa 4. Famfon da ya gaji yakan wadatar da inji a sulo, amma ya gaza a hawan tudu.

Mataki na 9: A duba taimin da matsin silinda. Wannan aikin ƙwararren bakanike ne mai fitilar taimin da agogon auna matsi. Idan matsin wata silinda ya gaza na saura da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, to akwai matsala a bawul, ko zobe, ko gaskit ɗin kan inji. Akwai kuma gwajin takarda: a riƙe 'yar takarda kusa da bakin salansa inji yana sulo. Lafiyayyen inji tunkuɗa ta zai riƙa yi waje. Idan ana zuƙo ta lokaci-lokaci tana manne wa bakin bututun, to a zargi bawul ɗin fita.

Gyara

Ƙaramar ɓula a bututu mai ƙwari, walda ta wadatar. Idan tsatsa ta cinye ƙarfen, a canza sashen gaba ɗaya. Gaskit kuwa sabo ake sawa. Kafin walda da lantarki a cire kan batir domin kare kwamfutar mota, kuma a tabbata babu mai da yake ɗiga a kusa. Ɗaure ɓula da gwangwani da waya dabara ce ta isa gari kawai.

Fulogi a canza su gaba ɗaya, da lambar da kamfanin motar ya tsara. Na gama-gari sukan kai kimanin kilomita 20,000 zuwa 30,000, masu bakin iridiyom kuma har kusan 100,000 idan na ainihi ne. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Gurɓataccen mai a juye shi duka, a wanke tanki, a canza matatar mai. Kabureta a wanke ta a saita ta bisa ƙa'ida. Nozil a wanke su a kan na'ura domin a ga yadda kowane yake feshi. Tiyon da ya tsage a sa sabo. Bel ɗin taimin a canza shi a wa'adin da kamfani ya sa, wanda galibi yake tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000, domin a injuna da yawa tsinkewarsa tana sa fistin ya daki bawul. Bawul ɗin da ya ƙone sai an sauke kan inji, kuma wajibi ne a gano abin da ya ƙona shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Bayan kowane gyara a gwada motar a irin yanayin da take yin ƙarar, ko gangara ce ko hawan tudu, kafin a biya kuɗin aiki.

Batun katalis

Katalis wata tukunya ce a tsakiyar salansa wadda take rage gubar hayaƙi. An fara yawaita amfani da ita a Amurka a 1975. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu daraja irin su filatinom da faladiyom da rodiyom. Kanikawa da dama suna kiranta Indomie saboda kamannin cikin nata. Ɗanyen man da yake isa gare ta yana ci a cikinta har ya narkar da saƙar, ta toshe, mota ta kasa gudu. Idan fitilar gargaɗin inji tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, to ana cikin wannan hali ke nan, sai a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Muna jan hankalin jama'a game da shawarar da akan bayar cewa a fasa katalis a zubar da cikinta domin ƙarar ta daina. Yin haka ba ya taɓa tushen matsalar, sau da yawa ma ƙarar ƙaruwa take yi, ga hayaƙi mai guba. Ƙarafan da suke ciki suna da kasuwa, don haka mai mota ya tsaya a kan aikinsa, kuma ya karɓi duk abin da aka cire.

Motocin da aka mayar masu gas

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da shirin Gwamnatin Tarayya na ƙarfafa amfani da gas na CNG da ya biyo baya a wannan shekarar, masu motoci da dama sun juya injunansu. Gas ya fi fetur bukatar tartsatsi mai ƙarfi, saboda haka raunin fulogi ko waya da ba ya nunawa a kan fetur yakan bayyana nan take a kan gas, sau da yawa da atishawa ta gaba wadda take iya fasa akwatin matatar iska. Idan mota tana lafiya a kan fetur amma tana bindiga a kan gas, a canza fulogi da wayoyi, a duba tazarar bawul, sannan a koma cibiyar da ta yi aikin domin a sake saiti. Kada a bar wanda bai sami horo ba ya taɓa tukunyar gas ko bututunta.

Haɗarin sakaci

Babban haɗari shi ne iskar kabon monoksaid da take cikin hayaƙi. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Salansar da ta ɓule a ƙarƙashin mota tana iya tura ta cikin ɗakin fasinja ta ramukan da tsatsa ta ci. Alamominta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. Yara, da mata masu juna biyu, da marasa lafiya sun fi saurin galabaita. Duk wanda ya ji haka a cikin mota, a tsaya, a kashe inji, a fito da kowa fili, a garzaya asibiti da wanda ya jigata. Kada a kwana a mota inji yana aiki, kuma kada a bar inji yana aiki a rufaffen gareji.

Na biyu gobara. Katalis da ta yi zafi tana iya kunna busasshiyar ciyawa ko kara. Da kaka da rani a guji ajiye mota a kan harawa, ko a masussuka, ko kusa da rumbu. Kowace mota ta kasance da tukunyar kashe gobara mai aiki, wadda dama tana cikin abubuwan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suke dubawa.

Na uku ɗabi'ar kashe inji a gangara domin tsimin mai. A mota mai kabureta da take cikin giya, mai yana ci gaba da zuba cikin salansa, da an mayar da makulli sai ya fashe, har ya iya tsaga tukunyar salansa. Mafi muni, kashe inji yana raunana birki, yana taurara sitiyari, kuma sitiyarin yana iya kullewa. Man da aka tsimina bai kai ran mutum ɗaya ba.

Ga jami'an ƙananan hukumomi

Motar ɗaukar marasa lafiya, da motar rigakafi, da motar malaman gona, dukiyar jama'a ce, kuma lalacewarsu a hanya tana iya zama sanadin rasa rai. Muna ba jami'an sufuri shawara kamar haka:

1. Kowace mota ta kasance da littafin da direba zai rubuta ranar da ƙarar ta fara, da yanayin da take tashi, da inda aka sha mai na ƙarshe.

2. Kada a amince da takardar kuɗin gyara sai bakanike ya rubuta gwajin da ya yi da abin da ya gano.

3. A dawo da duk kayan da aka cire zuwa sito, musamman katalis da koyil da nozil.

4. Motar marasa lafiya da salansarta ta ɓule a dakatar da ita har sai an gyara.

5. A haɗa kai da shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa, da jami'an duba lafiyar motoci, wajen isar da wannan bayani ga waɗanda ba sa iya karantawa.

Rigakafi

A riƙa kaɗe matatar iska kowane mako a lokacin hunturu, a canza ta idan ta toshe. A tace man jarka da tsumma mai tsabta kafin a zuba. A guji barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin man da yake ciki shi yake sanyaya famfo. A leƙa ƙarƙashin mota bayan kowace tafiya a hanya mai duwatsu, a tabbata robobin da suke rataye da salansa ba su tsinke ba. Kada a fesa ruwa a kan koyil da distiributa wajen wanki. A yi sabis a kan lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga masu motoci da direbobi da kada su saba da wannan ƙara har su ɗauke ta halin mota. Matsalar da fulogi huɗu ko gaskit ɗaya za su magance yau, idan aka bar ta za ta kai ga sauke inji. A saurari lokacin da ƙarar take tashi, a bi matakan bincike daki-daki, a nemi bakanike mai kayan awo. Muna kuma roƙon masu unguwanni da dagatai da shugabannin tasha su taimaka wajen yaɗa wannan bayani a tsakanin jama'arsu. Allah ya kiyaye hanya.